Murfin Direba

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Baba ya yi magana yau, cikakkiya, ba "lahiya lau" ɗin nan da yake ba kowa ba.

Bari in rubuta tun ban sa mata gishiri ba, don na san halina. Daga rumfata na wuce tashar Argungu, ban ko biya gida na aje jakar samfur ba. Da na isa gidanmu a Argungu na iske Sakinatu, matar Yaya Abdussamadu, tana ba shi kunu, shi kuma yana kallon bango yadda ya saba tun da anka sallamo shi daga asibiti. Na gaishe shi. Ya ce, "Sannu, Hajiya," irin gaisuwar da ake wa baƙuwar da ta yi ɓatan gida. Garin zama jakar ta kife, kayan wasan yara sunka watse bisa tabarma, har da tankar yaƙi ta roba mai batir, wadda ke kiɗa tana walƙiya ja da kore.

Ya miƙa hannun da ke motsi ya ɗauke ta. Ya kifa ta, ya bi ƙafafunta da babban yatsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Wagga ba Gwaggo ta ba. Wa ya cuce ki?"

Ni Rauda, da na tsufa a layin 'yan roba na kasuwar Birnin Kebbi, ni da na taɓa sayar wa mai sanƙo matajin kai, wai wa ya cuce ni. Munka yi dariya ni da Sakinatu. Daga nan na fita duba ko an ɗaure akuya. An ɗaure ta. Na daɗe ina dubawa.

Gwaggo ita ce tankar da Baba ya tuƙa a yaƙin Laberiya, sunan da sunka sa mata ke nan. Muna yara yakan kai mu bakin gulbi ya gina mana ita da laka, ya yi gada da kara, ya tura ta har bakin gadar. Kullum nan labarin ke tsayawa. Sai ya kakkaɓe hannu ya ce, "Daga nan sai anka kira salla." Ko da hantsi ne.

Sunan mahaifiyarshi anka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Innata yake ce mani. Rabon da in ji kalmar nan tun kafin ruwan fari.

Laraba, 4 ga Satumba, hantsi, a rumfa

Idan tankar ƙarya ta buɗe bakinshi, ta gaske za ta buɗe sauran. Wannan lissafina ne, ban gaya wa kowa ba.

Na kira Ja'afar, mai aiko mani kaya daga Kano. Ya ce akwai irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi cikin kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi fenti, komai nasu daidai da na gaskiyar. Na ce na yara? Ya ce na manya masu gemu, Turawa ke wannan aikin in sun ƙoshi. Yana da guda ɗaya da wani ya yi oda bai zo ya karɓa ba. Na ce wace iri ce? Ya ce, "Hajiya, tanka ai tanka ce."

Maganar da ni ma zan faɗa wa mai saye ke nan. Na ce ya sako ta mota.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan azahar

Ta Jamus ce, ta yaƙin Hitila. Ƙatuwa, mai kusurwa kamar akwatin lefe, ga gicciye baƙi a gefe. Hoton kwalin kawai na nuna mashi. Na gyara murya irin ta rumfa na ce, "Baba, sabon samfurin Gwaggo ne, kamfani ɗaya."

Ya dube ni yadda tsofaffin mata ke dubana in na ce masu roba ba ta fashewa. Ya ce, "Wagga ɗaki ta, ba mota ba." Ya juya ga bango. Har na tashi bai sake juyowa ba.

Yaya Abdussamadu ya ga gicciyen, ya ɗauki kwalin da yatsa biyu ya kai zaure.

Talata, 10 ga Satumba, da yamma

Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan ba shi wuri a nan ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Na hau keke zuwa Gwadangaji wurin Saje Sirajo. Tare sunka je Laberiya da Baba, yanzu baƙin mai yake sayarwa a bakin titi. Na kai mashi goro, na zauna bisa benci ina nuna mashi hotunan tankoki a waya. Mai kai kamar kifaffiyar ƙwarya, ya ce ta Rasha ta. Mai dogon hanci siriri, ya ce, "Kusa, amma ƙanwatta ta, kada ki yarda a ba ki ita." Da munka zo kan wata 'yar guntuwa sai ya karɓe wayar daga hannuna.

"Ga Gwaggo. Sikofiyon sunanta na takarda. Ƙafa biyar kowane gefe cikin sarƙa, hanci gajere mai kauri. Mutum uku take ɗauka, biyu sama cikin kai, direba ƙasa gefen hagu, kusa ga inji. Ubanki Hodi har ƙwai yake dafawa a wurin. Gudu gare ta kamar ɓarawo, amma jikinta dalma na, irin na tukunyar mata."

Na ce wane launi? Ya ce kore mai duhu, amma wa ya ga koren, jar ƙasa ta rufe komai.

Na ce, "Baba Saje, me ya faru a gadar?"

Ya miƙo mani wayata. Ya kira wani ɗan kabu-kabu da ke wucewa, wanda bai nemi komai ba, ya ce injinshi na kukan mai. Yana zuba mashi yana ba ni baya ya ce, "Ni makanike na, ɗiyata. A baya nike. Ki gaishe mani da shi."

Asabar, 14 ga Satumba, hantsi

Iri biyu na samu. Ƙaramar tana Dubai, tsawon kwalin ashana, Ja'afar ya ce cikin mako za ta iso. Babbar tana Ingila wurin wani tsoho mai tara irinsu, ta kai tafin hannu, an rubuta ɗaya bisa talatin da biyar, wato in ka jera irinta talatin da biyar ka yi tsawon ta gaske. Ita sai an bi ta kago, wato jirgin kaya, sai yadda hali ya yi.

Na nemi Baturen ya rage mani. Na ce ni dila ce, zan riƙa saye da yawa. Na ce kwalin ya tsufa. Na ce ubana ba shi da lafiya, wanda shi kaɗai ne gaskiya cikin ukun. Ya rubuto cewa yana yi mani fatan alheri, farashi yana nan.

Idon Baba ya yi rauni, da yatsa yake gani yanzu. Ƙaramar ƙafafunta kamar ƙwayar gero, ba abin da zai ji. In na kawo mashi abin da ba zai gane ba, ya sake juya mani baya, ban san ko akwai juyowa ta uku ba.

Na ɗauki babbar. Allah ya sa ban yi wauta ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

Kaya na hanya.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan azahar

Kafin ta iso na ce bari in shirya mata wuri. Na ɗauko babban tiren da Inna ta bari, mai hoton furanni. Na sa direba ya tsaya a hanyar Ambursa inda ake ɗibar jar ƙasar titi, na cika leda, fasinjoji na kallona kamar mai haɗa asiri. Wata ta ce, "Hajiya, na miji na ko na kasuwa?" Na ce na uba ne. Ta maida fuska ga taga.

Na baje ƙasar a tire a gaban Baba, na yi rafi da farar leda, na yi gada da kara yadda yake yi mana, na kakkafa tsinken tsintsiya a madadin itatuwa. Ya sa hannu ya murza ƙasar, ya kai hanci.

"A jiƙa ta. Can ruwa ba ya ɗaukewa."

Na yayyafa ruwa. Ya ce itatuwan sun yi rikici, na gonakin roba na can a jere suke kamar sojoji a fareti. Na jera su. Ya ce, "Madalla, mai kaya."

Na samu ƙarin girma, daga Hajiya zuwa mai kaya. Na ce, "Baba, ni ce fa. Innarka." Ya yi murmushin ladabi ya ce innarshi ta rasu tun zamanin sulalla.

Talata, 24 ga Satumba, da yamma

Kaya na hanya. Haka Ja'afar ya ce. Na san muryar da ya faɗa da ita, tawa ce. Na faɗa wa mata masu aurar da ɗiya haka alhali ko oda ban yi ba.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan an sauko

Mun yi da Yaya Abdussamadu a zaure. Ya ce mutane na zuwa dubiya suna iske tire da ƙasa a gaban dattijo kamar ɗakin boka. Ya ce lokacin Yasin ne wannan, ba na wasan yara ba. Ya ce ya ji irin kwalayen nan na zuwa da mutum-mutumin sojoji, kuma mutum-mutumi ba zai kwana ɗakin marar lafiya ba, yana so mala'iku su samu hanyar shiga.

Na ce mashi Malam, Yasin ɗin da kake karantawa ta sa ya kira sunanka? Bakina ya riga ni.

Ya daɗe yana kallon takalminshi. Shi ke ɗaga Baba, shi ke mashi wanka, shi ke wanke abin da ba a faɗi. Ya ce, "Jiya Baba ya dube ni ya ce mani Saje, Rauda. Ya ce in ba shi izini ya tahi gida ya ga yaranshi."

Muna nan zaune Sakinatu ta leƙo ta ce tuwo na sanyi. Na yi mashi alkawari ba mutum-mutumi.

Litinin, 30 ga Satumba, da safe

Gulbi ya cika ya shanye shinkafar fadama. Kowa a mota maganar da yake ke nan. Ina jin su kamar rediyon maƙwabta.

Kaya na hanya.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya bar tuwo. Kunun ma sai an lallashe shi. Mutanen da ba su zuwa sai da dalili sun fara zuwa, har da na Augie. Suna fitowa daga ɗakin suna riƙe mani hannu fiye da yadda gaisuwa ke buƙata.

Da ƙaramar na ɗauka, da yanzu ta yi kwanaki a hannunshi. Ni mai wayo. Ni da ba a cuta.

Na jiƙa ƙasar tiren kafin in taho. Kullum sai na jiƙa ta.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ban buɗe rumfa ba.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi, cikin mota

Ta iso. Direban Kano ya ɗaura ta ƙarƙashin buhun albasa, kusurwar kwalin ta lotse. Da wata rana ce da tasha ta taru a kanmu. Na karɓa na ce na gode, shi kanshi ya yi mamaki. Tana bisa cinyata yanzu, tana warin albasa. Ƙafa biyar. Hanci gajere. Na ƙirga a hoton ya fi sau nawa.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Ashe ba mota ba ce a ciki, ƙasusuwa ne. Gutsattsari jingim maƙale da sandunan roba, wasu ba su kai farcen jariri ba. Takardar bayanin zane ce zalla da lambobi. Na baje a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, da abin yankan farce, da gam, da tsinken sakace.

Na liƙa ƙafa ɗaya a juye. Na liƙa yatsuna biyu. Sakinatu ta ce yau dai an samu abin da ya rufe mani hannu, saura baki.

Yaya Abdussamadu ya dawo daga makaranta ya tsaya a kaina yana kallo kamar mai jiran a gama ya yi wa'azi. Can ya ce, "Lamba sha huɗu kika ɗauka, sha bakwai anka ce." Ya naɗe hannun riga ya zauna. Hannun mai rubutun allo ne, ba ya rawa. Shi ya ɗaura sarƙar duka biyu.

Soja ɗaya ne a kwalin, rabin jiki, mai dogon hanci. Na miƙa mashi ba tare da ya tambaya ba. Ya sa a aljihu ya fita da shi, ya dawo ba shi.

Fenti kuwa wurin mai fentin keke na samo, na haɗa kore da baƙi a murfin kwalba. Tun bai bushe ba na barbaɗa mata jar ƙasa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a hankali.

Da hantsi munka tashe shi zaune, Yaya na tallafe da bayanshi. Na sa mashi ita a tafin hannu. Murafunta uku ban liƙa ba, don takardar ta ce mutum ya zaɓa, a buɗe ko a rufe, suna cikin murfin kwalba a gefena.

Ya kifa ta. Babban yatsa ya bi ƙafafun, gefe ɗaya, ya koma ɗayan. Ya shafa hancin. Ya kai yatsa gaba ta hagu ya iske ramin direba, ya tsaya nan.

"Ita ta," ya ce. "Gwaggo, kin rame."

Ya yi dariya, dariyarshi ta da, mai tari a ƙarshe. Ya ce a wanga rami ya yi shekara biyu, gefen jikinshi na dama har yau ya fi na hagu dahuwa. Ya ce Turawan da sunka ƙera ta sun ce tana iyo, shi kuwa ya ce masu shi ɗan Argungu na, in iyo ake so a ba shi gora. Magana na zuba kamar an fasa randa. Sakinatu na bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Na ce, "Baba, murafun fa? A buɗe ko a rufe?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Na sama biyun, rufe su. Liƙe su da kyau. Oga Etim na dama, Zayyanu na hagu. Suna ciki, kada a tashe su."

Ban sani ba ko haka suke zama, ban duba takarda ba. Na liƙe.

"Na direba bar shi buɗe."

Ya ce a matso da tiren. Da hannunshi ya aza ta a kan hanya tsakanin itatuwan, ya tura ta a hankali har bakin gadar kara, inda take tsayawa tun muna yara. Na ji Yaya ya riƙe numfashi. Baba ya ƙara tura ta. Ta hau gadar. Ya karkata ta gefe ɗaya, ya danna har kara ya karye.

"Daga nan sai ni na hito."

Ba wanda ya tambaye shi komai.

Ya jingina ga ƙirjin Yaya yana hutawa, idonshi na kaina. Na matso. Na gyara ɗankwali yadda nake ɗaurawa ina budurwa. Ya dube ni sosai, dubawar da bai yi mani ba tun ruwan fari, har na fara buɗe baki in amsa.

Ya ce, "Hajiya, ina kika samo ta?"

Na ce Ingila.

"An tsawwala maki ko?"

Na ce an tsawwala.

Ya girgiza kai. "Ba ki san mutane ba. Ina da ɗiya Birnin Kebbi, kasuwa take. Sunan innata gare ta, ba ni faɗi. Da ita kika sa, da rabin kuɗin za ta karɓo maki, mai kayan na yi mata godiya. Tun tana ƙarama haka take, ta taɓa sayar mani da kifin da ni na kamo." Ya yi murmushi. "In kin koma ki neme ta. Ki ce ta zo. Ta daɗe ba ta zo ba."

Na ce, "Zan gaya mata, Baba."

Ya ce Allah ya yi mani albarka.

Juma'a, 11 ga Oktoba, hantsi

Na sake kaya, na sa atamfar da ya saya mani da kuɗin sallamarshi, wadda ta matse ni yanzu. Na fita ta ƙofar baya na zagayo ta zaure, na yi sallama da ƙarfi kamar wadda ta sauko daga mota. Na ce, "Baba, an ce kana nemana. Ga ni na zo."

Idonshi a rufe. Hannunshi na cikin tiren, yatsa bisa ramin direba. Sakinatu ta ce ta ga bakinshi ya motsa. Ni ban gani ba. Sakinatu mutuniyar kirki ce.

Na zauna na gaya mashi labarin kasuwa, wa ya yi riba, wa anka kama da mudun ƙarya. Na ce na ji wata Hajiya ta sayo tanka da tsada, zan nemo ta in koya mata ciniki.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayan azahar anka kai shi.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Saje Sirajo ya zo gaisuwa. Ya nemi ganin tiren. Ya tsaya a kanshi ya cire hula, ya maida, ya fita bai sha ruwan da anka kawo mashi ba.

Mata na ta ce mani in yi haƙuri, na samu albarkar uba, sun ji da kunnensu. Haka ne. Ya sa wa Hajiya albarka.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Baƙi sun watse. Gobe zan buɗe rumfa, masu bikin bayan damina sun fara kira.

Muna kwashe ɗakin Baba, Yaya ya ce me za a yi da tiren. Na ce zan tafi da shi. Ƙasar ta bushe ta tsage, na yayyafa mata ruwa. Ina neman leda sai na ci karo da murfin kwalbar a ƙarƙashin gado, ɗan murfin direba na ciki, bai kai ƙwayar wake ba.

Gam ɗin ya kusa ƙarewa, sai da na yanke gindin robarshi na lakato da tsinke. Sau biyu ɗan murfin na kuɓuce mani. Yaya ya ce in kawo ya sa, na ce a'a, ya dai riƙe mani tiren.

Na aza murfin a ramin, na danne da yatsa har ya kama.